Yaba Kyauta Tukwici, Amma Wane Irin Tukwici?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na raya karkara ya yi a Tudun Wada, a taron wakilan kwamitocin ƙauyuka da shugabannin zumuntar mata da na matasa. Mun buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba.

Na san waɗansunku sun taso tun da asuba daga Doguwa da Riruwai, suka ratso dajin Falgore. Waɗansu sun biyo ta Kwanar Dangora daga Kiru, waɗansu kuma daga Bebeji da gefen Tiga. Allah ya saka muku da alheri.

Bari in fara da tambaya. Wanda ya tako da ƙafa tun daga gida har nan, ya ɗaga hannu. To, kun gani, ba su da yawa. Sauranmu duka wani ne ya kawo mu, ko ɗan acaba, ko direba. In an jima kuma wata za ta dafa mana abinci, wata yarinya ta kawo, wata ta wanke kwanuka. Maganata ta yau a kan waɗannan mutane ce, da kuma ɗan abin nan da muke miƙa musu bayan kuɗin aikinsu, wato tukwici.

Wani zai ce, ana fama da tsadar taki da kuɗin makaranta, me ya kawo zancen tukwici? Ga abin da ya kawo shi. Wata shekara muka kai tallafin iri da taki wani ƙauye da ba zan kira sunansa ba. Muna cikin sauke kaya sai wata tsohuwa, gwauruwa mai riƙon jikoki uku, ta ja ni gefe. Kaza ce a ƙarƙashin mayafinta, an ɗaure mata ƙafafu. Ta ce, "Ɗana, ga wannan ka sha romo, ka sa sunana." Na ce, "Mama, ai sunanki yana cikin takarda, ba a biyan komai." Ta ce bara ma haka aka ce, amma da aka zo rubuta suna, waɗanda suka ba da goro su aka rubuta. Ita da ba ta da komai a hannu, aka ce ta dawo gobe, goben kuwa ba ta zo ba. Kazar nan ita kaɗai ce mai yi mata ƙwai.

Tun daga ranar na gane cewa mun sa abubuwa biyu dabam a cikin kwando ɗaya, muna kiransu da suna ɗaya. Yau ina so mu zauna mu rarrabe su.

Abin da muka gada

Ba wurin Turawa muka koyi wannan al'ada ba. Tun kafin a san mota ko gidan abinci a ƙasar nan, iyayenmu suna da kalmomi a kan abin da hannu yake miƙa wa hannu, kowace da wurinta.

Na fari, akwai ladan aiki. Shi ne abin da aka shirya a kai kafin a fara: kuɗin mota, kuɗin dako, kuɗin ƙwadago a gona. Wannan haƙƙi ne, bashi ne a wuyanka har sai ka biya. Idan ka biya ba ka yi wa kowa kyauta ba.

Na biyu, akwai la'ada, wadda dillali yake samu a kasuwar hatsi ko ta dabbobi. Mai saye ya san da ita, mai sayarwa ya san da ita, a fili ake yinta. Ita ma haƙƙi ce, kamar kamashon da ake cirewa a tasha.

Na uku, akwai gyara. Ita kuwa mai sayarwa ne yake ba mai saye. Ka sayi ƙosai, a ɗora maka ɗaya ko biyu a kai. Ka auna masara, a ƙara maka cikin hannu. Mai sayarwa ta san don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Na huɗu shi ne tukwici. Ku tuna da ranar Kirsimeti, sa'ad da muke aiken yara da shinkafa da nama gidajen maƙwabta. Ba a mayar da kwanon haka kawai, sai an ɗan sa wa yaron wani abu a hannu. Haka mu ma muke yi ranar Sallah, idan 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suka kawo mana tuwo da nama. Matan da suka kai kayan aure gidan amarya, ana ba su tukwici. Wanda ya kawo labarin haihuwa yakan ce, "Albishirinka," a ce masa, "Goro." Shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukwici.

In kun duba da kyau, tukwici na gaskiya yana da alamu uku. Bayan an gama aiki yake zuwa, ba kafin a fara ba. Ba a yanka masa farashi, mai bayarwa ne yake duba ƙarfinsa. Idan kuma ba a bayar ba, babu abin da yake tsayawa: yaron ya riga ya kawo kwanon, kuma baɗi ma zai kawo. Ku riƙe waɗannan alamu uku, da su za mu auna sauran maganar.

Yadda waɗansu ƙasashe suke yi

'Ya'yanmu da suke aiki a birni, da waɗanda suke kallon abubuwa a waya, sukan zo da zancen cewa wayewa ita ce a bar wa mai kawo abinci kashi kaza cikin ɗari. Ya kamata mu san inda abin ya fito.

A Amurka, wanda ya ci abinci a gidan abinci yakan ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin abincin. Ba don sun fi kowa kirki ba ne. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda a biya ma'aikacin da yake samun tukwici dala 2.13 kacal a awa, tun 1991 ba a ƙara ba, alhali mafi ƙarancin ladan sauran ma'aikata dala 7.25 ne tun 2009. Waɗansu jihohinsu sun sa abin da ya fi haka, amma a wurare da yawa tukwicin nan shi ne ainihin albashin. A Faransa an riga an sa kuɗin hidima cikin farashin abinci, sai dai wanda ya ga dama ya bar ɗan canji. A Japan ba a yi sam, ka bar kuɗi a kan tebur ma sai a biyo ka da shi, a ɗauka mantuwa ka yi. A Birtaniya kuwa, saboda waɗansu masu gidajen abinci suna riƙe tukwicin ma'aikatansu, sai da aka yi doka, ta fara aiki a watan Oktoba na 2024, cewa dole a miƙa wa ma'aikata tukwicinsu duka.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, kowace ƙasa da nata tsarin, babu wanda ya zama dole mu kwaikwaya. Amma labarin Amurka gargaɗi ne. Duk inda tukwici ya maye gurbin ladan aiki, talaka ne yake shan wahala, gama cin abincinsa ya koma kan ganin damar baƙo.

A wurin mai abinci

A kasuwar Tudun Wada ko a Kwanar Dangora, idan ka zauna wurin mai tuwo, ko teburin mai shayi, ko gaban mai tsire, babu wanda yake jiran tukwici daga gare ka. Ka biya abin da ka ci, shi ke nan, ba ka yi rowa ba. Hasali ma kai ne kake sa ran gyara.

Amma ina roƙonku ku ɗaga ido ku dubi wadda ta kawo muku kwanon. Sau da yawa ba 'yar mai abincin ba ce. Yarinya ce da aka ɗauko daga ƙauye irin namu, ko yaro mai ɗiban ruwa da wanke-wanke, tun safe har dare. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato yarinyar nan babu abin da ya shafe ta a ciki. Idan kana da hali, naira ɗari ko ɗari biyu da za ka sa mata a hannu, abin kirki ne. Ka ba ta ita da kanta, a gaban uwar ɗakinta, da rana tsaka. Ina jaddada wannan ga maza musamman: kyautar da ake yi wa yarinya a ɓoye, ana haɗa ta da wasa ko da neman lambar waya, ba tukwici ba ce, tarko ne.

Ku kuma iyayena mata masu sayar da abinci, abin da baƙo ya ba yarinya nata ne. Kada a karɓe, kada kuma a rage mata lada a ce ai ta samu a waje.

Idan hidima ta kai ku manyan otal a Kano ko Abuja, ku duba takardar kuɗin kafin ku biya. Za ku ga harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020. A wurare da yawa kuma za ku ga an riga an ƙara kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10 cikin ɗari. Idan an sa shi, babu kunya ka biya abin da aka rubuta ka tashi. Idan ba a sa ba, kuma an kula da kai, sai ka bar abin da ya sauwaƙa.

A kan babur da cikin mota

A nan sai in faɗi laifin kaina. Wani watan Agusta na je duba rijiya a wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Wani saurayi ya ɗauke ni a babur. Sau biyu muna sauka yana tura babur ɗin cikin taɓo, a wani rafi kuma ya ɗauki jakata a ka har muka haye. Da muka dawo ya roƙi in ƙara masa ɗari uku a kan abin da muka shirya. Na tsaya ina ja da shi, ina cewa magana ɗaya ce, har ya haƙura ya tafi. Bayan kwana huɗu ina wani taro a otal a Kano, muka ci abinci da abokan aiki, na zaro ɗari biyar na ajiye wa wanda ya kawo abincin, don kawai a ga na san yadda ake yi. A mota ina dawowa abin ya dame ni. Wanda ya shiga ruwa domina na hana shi, wanda ya yi taku goma cikin sanyin fanka na ba shi. Wannan ba alheri ba ne, neman suna ne.

Mu a karkara babur shi ne motarmu, shi ne motar asibitinmu. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, Adaidaita Sahu ya cika tituna, amma a hanyoyin ƙauyukanmu ɗan acaba ne yake kai mu. Ku dubi lissafinsa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Da yawa cikin samarin nan babur ɗin ba nasu ba ne, kullum sai sun kai wa mai shi balas, ko an samu ko ba a samu ba. Ga kuɗin faci, ga baƙin mai, ga tikitin ƙungiya. Abin da ya rage shi ne cefanen gida.

Saboda haka ga shawarata. A yi ciniki kafin a hau, a faɗi inda za a je da kayan da ake da su, domin kada a yi rigima a ƙarshe. Idan an sauka, a biya cikakke, nan take. "Ka dawo anjima" da "ai kai ɗanmu ne" sun karya samari da yawa a cikin ikilisiyoyinmu. Zumunci ba ya sayen fetur. Bayan an biya, sai a duba ko akwai dalilin ƙari: ya jira ka a asibiti, ko hanya ta fi yadda kuka zata lalacewa, ko ya taimaka da ɗaukar buhu, ko ya fito da tsakar dare domin mai naƙuda. A irin wannan, "riƙe canjin" ma tukwici ne, kuma yana faranta rai.

Abu ɗaya kada mu yi: kada mu ba da tukwici domin gudu. Wanda ya ce wa direba, "Taka mota, zan ba ka na goro," ran mutanen cikin motar duka yake saye. A ba wanda ya bi a hankali, wanda ya ƙi ɗaukar mutum huɗu a babur ɗaya. Abin da muka saka wa da alheri, shi ne zai yawaita.

Ga zumuntar mata kuma, ina ba da shawara kowace ikilisiya ta zauna da 'yan acaba biyu ko uku amintattu, a shirya da su tun da wuri nawa ne kuɗin kai mai naƙuda ko marar lafiya asibiti da dare, a rubuta, a ajiye ɗan kuɗi domin haka. Ƙarfe biyun dare ba lokacin ciniki ba ne.

A motar haya ta tasha, kuɗin kujera da kuɗin kaya sun isa, ba a bin ka tukwici. Amma yaron motar da ya hau sama ya ɗaure maka buhu, ya kuma sauke maka shi lafiya, bai kamata ya tafi da "sannu" kaɗai ba idan kana da hali.

Masu kawo saƙo da kaya

Yawancinmu muna da ɗa ko 'ya a Kano, ko Kaduna, ko Jos. Mukan aika da buhun masara ko shinkafa ta hannun direba, su kuma su aiko da magani ko kaya daga tashar Unguwa Uku ko wata tasha. Kuɗin saƙo haƙƙi ne. Mai aikawa da mai karɓa su daidaita tun farko wane ne zai biya, a gaya wa direba, domin kada ya iso a bar shi tsaye kowa yana nuna ɗan'uwansa. Idan ya kawo kaya lafiya, ko ya ratse daga hanyarsa ya kawo har ƙofar gida, wannan aikin ɗan aike ne sosai, kuma ɗan aike shi ne asalin mai tukwici.

Haka mai baro a kasuwa, da ɗan dako, da ɗan ga-ruwa, da mai amalanken da ya kwaso maka amfanin gona. Su ne muka fi matsa wa a ciniki, su ne kuma suka fi kowa zubar da gumi. Mutum ya sayar da buhu goma ya ƙirga kuɗinsa, sa'an nan ya tsaya jayayya a kan naira hamsin da wanda ya ɗauki buhunan a bayansa. 'Yan'uwa, wannan bai dace da mu ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da yawa sun saba biya ta waya. Idan ka tura wa ɗan acaba ko ɗan dako kuɗi ta waya, ka tuna sai ya je wurin mai POS, a can kuma za a cire wani abu kafin a ba shi. Ka ɗora masa kuɗin cirewar. Wannan ma ba tukwici ba ne, cikon haƙƙinsa ne.

Kada kuma wanda ba shi da kuɗi ya ga kamar an bar shi a baya. Tukwicin karkara bai taɓa tsayawa kan kuɗi ba. Ɗanyar masara, gyaɗa cikin kwano, ƙwai biyu, karan rake, ruwan sanyi, ko a ce, "Zauna ka ci tuwo kafin ka koma." Har ma ka yabi mutum a gaban jama'a, ka ce wa maƙwabcinka, "Yaron nan mai amana ne, ka riƙa kiransa." Wannan yakan fi naira ɗari biyu amfani a gare shi.

Inda tukwici yake zama cin hanci

Yanzu mu koma kan kazar tsohuwar nan. Mu auna ta da alamu uku da na faɗa. Kafin aiki ta zo, ba bayansa ba. Ba don jin daɗi ta kawo ba, tsoro ne ya sa ta. In da ba ta kawo ba kuwa, a saninta, sunanta ba zai shiga ba. Ko ɗaya cikin ukun ba ta cika ba. Ko mun kira shi goro, ko na shan ruwa, ko ihsani, ba cinya ba ƙafar baya ne: cin hanci ne.

Abin ba ƙarami ba ne a ƙasar nan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka, wanda aka fitar a watan Yuli na 2024, ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai an ba ma'aikatan hukuma cin hancin tsabar kuɗi wajen naira biliyan 721. Ba manya kaɗai suka tara wannan kuɗi ba. Ɗari biyu ne a shingen hanya, ɗari biyar a wurin karɓar kati, dubu ɗaya a wurin sa hannu. Kowa yana cewa ai ɗan goro ne.

Illarsa a ƙauye ita ce, wanda ya karɓa ba ya iya yin gaskiya kuma. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mai rubuta suna da ya karɓi goron mai shanu goma, dole ya sa shi, sai an cire wani kuma kafin ya shiga. Wanda ake cirewa kullum shi ne marar goro, wato ainihin wanda aka kawo tallafin dominsa. Mun san labarin Gehazi a littafin Sarakuna na biyu, sura 5. Maigidansa Elisha ya ƙi karɓar kyautar Na'aman bayan ya warke, shi kuwa ya bi shi a guje da ƙarya ya karɓo. Mun kuma san ƙarshensa.

Saboda haka bari in faɗa a gaban kowa, ku kuma kai maganar gida. Kayan tallafi, ko iri ne, ko taki, ko gidan sauro, ko haƙa rijiya, ba a biyan ma'aikaci komai a kansu. Ni ana biyana albashi. Direban da ya kawo kayan an riga an biya shi. Idan akwai gudummawar da jama'a za su bayar, kamar yashi, ko duwatsu, ko kuɗin gyaran famfo, za a faɗa a fili a taron gari, a rubuta, a ba da rasit. Duk wanda ya ce ku kawo wani abu domin sunanku ya shiga, ko ni ne, ku gaya wa dattawa, ku kuma kawo ƙara ofis. Ku 'yan kwamiti, a karanta sunayen da ƙarfi a gaban jama'a kafin ranar rabo, domin wanda aka tsallake ya yi magana.

Na san wani dattijo zai ce, "To, ɗana, baƙo ya zo garinmu mu bar shi haka?" A'a, Baba. Ku ba mu ruwa, ku ba mu tuwo mu ci tare da ku, za mu ci da murna. Abin da aka ci a tabarma ɗaya a gaban kowa, karamci ne. Abin da aka ja mutum bayan ɗaki aka cusa masa a aljihu, shi ne muke gudu. In kuma muka mayar da kaza ko kwanon gyaɗa, kada ku ɗauka raini ne. Muna tsare kanmu ne, muna kuma tsare wanda ba shi da kazar.

Ladabin bayarwa da karɓa

Kafin in zauna, ga 'yan abubuwa da iyayenmu suka koya mana, waɗanda muke neman mantawa. A bayar da hannun dama, a haɗa da kalmar godiya. Kada a jefa wa mutum kuɗi, kada a ɗaga shi sama don jama'a su gani. Kada a bi kyauta da gori. Idan wanda ya yi maka aikin ya girme ka, ka rage murya, ka ce, "Baba, ga wannan a sha ruwa." Idan ya ce a'a har sau biyu, ka bar shi, akwai wanda mutuncinsa ya fi masa kuɗin.

Ga mai karɓa kuma, musamman matasanmu masu babur da masu aiki a gidajen abinci: kada ka roƙa, kada ka ƙirga a gaban mai bayarwa, kada ka ɓata fuska idan kaɗan ne. Wanda bai ba ka ba jiya, ka ɗauke shi yau da fuska ɗaya da wanda ya ba ka. Iyaye kuma mu koya wa yara cewa idan an aike su, aiken ne a gaba. Yaron da ya saba cewa ba ya motsi sai an ba shi, shi ne gobe zai zauna a ofis ya ce fayil ya ɓace.

Ita tsohuwar nan ta koma gida da takinta da kazarta. Da kaka na sake bi ta garin, sai ta aiko jikanta da ɗanyar gyaɗa a ƙaramin kwano, muka zauna da 'yan kwamiti muka ci a gindin bishiya. Na sa wa yaron naira ɗari a hannu, ya ruga da gudu. Gyaɗar kyauta ce, ɗarin kuwa tukwici. Babu wanda ya ji tsoro, babu wanda ya ji kunya.

Abin da nake roƙo mu tafi da shi ke nan. Mu biya haƙƙi tukuna, cikakke, a kan lokaci. Mu ba da tukwici ga wanda ya yi mana wahala, gwargwadon ƙarfinmu. Kada kuma mu saya, ko mu sayar, da abin da yake haƙƙin mutum ne. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

1. A garinku, su wane ne suke yi muku aiki mai wuya amma aka fi matsa musu a ciniki? Me za ku canza?
2. A waɗanne wurare ne ake neman "goro" kafin a ba ku abin da yake haƙƙinku? Me za ku iya yi tare, wanda mutum ɗaya ba zai iya ba?
3. Yaya ake zaɓen masu samun tallafi a garinku? Gwauraye da marasa ƙarfi suna jin sunayen kafin ranar rabo?
4. Ikilisiyarku tana da shiri da masu babur domin kai marar lafiya asibiti da dare? In babu, wa zai fara maganar a wannan mako?